Ƙadangaren Bakin Tulu A Fuskar Wayar Hannu

Duk wanda ya taɓa buɗe shafin intanet a wayarsa ta hannu ya san wani siririn layi da ke zaune a saman fuskar wayar, ko kuwa a ƙasanta, inda ake ganin adireshin shafin. Yawancin jama'a ba su ko kula da shi. Amma ga masu sana'ar gina manhaja, wannan layi ya daɗe da zama ƙadangaren bakin tulu, domin in an bar shi ya cinye wuri, in kuwa an kawar da shi a buɗe wa ɓarayi ƙofa.

Asalin maganar ya faro ne a watan Yuni na 2007, lokacin da marigayi Steve Jobs, shugaban kamfanin Apple, ya tsaya gaban taron masu gina manhaja a birnin San Faransisko na Amurka, ya gaya musu cewa wanda ke son yin manhaja don sabuwar wayar iPhone sai ya yi ta a matsayin shafin intanet, a riƙa buɗe ta cikin burauzar Safari. Masu sana'ar ba su ji daɗin wannan magana ba, kuma suna da hujja. Tsawon fuskar wayar ta farko ɗigo 480 ne. Layin agogo da batir ya ɗauki 20, layin adireshi 60, maɓallan ƙasa 44, watau abin da ya rage wa mai shafi 356 ne kacal. Kashi ɗaya cikin huɗu ya tafi tun ba a rubuta ko harafi ba.

Da Apple ya buɗe kasuwarsa ta App Store a watan Yuli na 2008, sai hankalin duniya ya koma can. Waɗanda suka tsaya a kan shafin intanet kuwa sai suka shiga neman dabaru. Wadda ta fi shahara ita ce a umarci shafi ya gusa ƙasa da ɗigo ɗaya tak da zarar ya buɗe, sai Safari ta ɗauka mai waya ne ya ja shi, ta ɓoye layin. Wannan wayo ya ci kasuwarsa har 2013, sa'ad da tsarin iOS 7 ya zo ya kashe shi. A watan Maris na 2014 kamfanin ya ba da wata hanya ta rage girman layin, amma kafin shekarar ta ƙare ya janye ta. Mutum ya yi gini a filin wani, ai dole ya kwana da shirin rushewa.

Yanzu dai hanyoyi biyu ne tsayayyu. Ta farko ita ce shafi ya roƙi burauza ta ba shi fuskar wayar gaba ɗaya, kamar yadda ake gani wajen kallon bidiyo ko wasannin waya. Sharaɗinta shi ne ba a amsa roƙon sai mai waya ya taɓa wani maɓalli da yatsansa. Shafi ba ya iya mamaye fuska don ra'ayin kansa. Wannan tana aiki a burauzar Chrome ta wayoyin Android, iPad ma ta samu a 2018, amma iPhone ta yi shekara da shekaru ba ta yarda da ita ba sai ga bidiyo kaɗai.

Hanya ta biyu ita ce ta fi amfani ga mai harka ta yau da kullum. Mai shafi zai haɗa wata 'yar takardar bayani da masana ke kira manifes, inda zai rubuta sunan manhajarsa, da tambarinta, da launinta, da shafin da za ta fara buɗewa, sa'an nan ya zaɓi siffar da yake so daga cikin huɗu: ko ta cika fuska ɗungurungum har agogo ya ɓace, ko ta tsaya da kanta kamar kowace manhaja da agogo da batir a sama, ko a bar 'yan maɓallai kaɗan, ko kuwa ta buɗe a burauza kamar kullum. In waya ba ta iya wadda aka zaɓa ba, sai ta sauko ga ta gaba. Shi kuma mai waya zai taɓa ɗigo ukun nan na kusurwar Chrome, ko alamar akwati mai kibiya a Safari, ya zaɓi a ajiye shafin a fuskar farko ta wayarsa. Daga ranar, in ya taɓa tambarin, ba zai ga layin adireshi ba. A 2015 ne Alex Russell, injiniya a Google a lokacin, da Frances Berriman suka raɗa wa irin waɗannan shafuffuka suna, ana taƙaita shi da PWA.

Mai karatu na iya tambaya, ina ruwanmu da wannan? Ruwanmu kuwa babba ne. Wayoyin da akasarin mutanenmu ke riƙewa ba su da yalwar ma'aji, kuɗin data kuma ba wasa ba ne. A 2016 Google ya ba da labarin kamfanin Konga na nan Nijeriya, cewa sabon shafinsa na wannan siffa ya rage datar da ake ci a buɗewar farko da kashi 92 cikin 100 in an gwada da sauko da manhajarsa. A 2017 Twitter ma ya fito da Twitter Lite, wanda nauyinsa bai kai megabait 1 ba. Bugu da ƙari, matashin da ya gina manhaja a Kano ko Ibadan ba ya bukatar jiran amincewar kasuwar wani, ko biyan kamashon da kan kai kashi 30 cikin 100. Amma fa a ganinmu, in manhaja ta buɗe da layin adireshi a kanta, mutane ba su ɗaukarta da daraja, sai su ce ai shafi ne kawai. Shi ya sa masu sana'ar suka nace.

Ikon kuwa har yanzu yana hannun masu waya da burauza. A watan Fabrairu na 2024 Apple ya ba da sanarwar zai daina barin irin waɗannan manhajoji su tsaya da kansu a ƙasashen Tarayyar Turai, yana kafa hujja da sabuwar dokar kasuwanci ta Tarayyar. Da ƙorafi ya yi yawa, ran 1 ga Maris ya janye.

Saura ɓangaren da masu sha'awar cika fuska ba su cika son a taɓo ba. Layin adireshi shi ne shaida guda da mai shafi ba ya iya rubutawa da hannunsa. Duk sauran abin da ke fuskar, zane ne da kowa zai iya kwaikwaya. Tun 2012 wani ɗalibi a Jami'ar Stanford, Feross Aboukhadijeh, ya nuna yadda shafi zai cika fuskar kwamfuta sa'an nan ya zana layin adireshi na jabu mai ɗauke da sunan banki. Saboda irin wannan ne Chrome ke fito da ɗan gargaɗi duk sa'ad da shafi ya mamaye fuska, kuma in manhajar da aka ajiye ta kai mutum wani shafi dabam, sai adireshin ya sake bayyana a sama.

Duk da haka ɓarayi sun sami kafa. A watan Agusta na 2024 kamfanin tsaro na ESET ya bayyana yadda aka yaudari masu ajiya a bankuna a ƙasar Cek, da wasu a Hangari da Jojiya. Akan kira mutum ko a aiko masa da saƙo cewa manhajar bankinsa ta tsufa, a kai shi wani shafi mai kama da kasuwar manhaja, ya ajiye tambarin banki a fuskar wayarsa ba tare da wayar ta yi masa gargaɗin da ta saba ba. In ya buɗe, babu adireshin da zai duba, sai gurbin rubuta suna da lambar sirri, waɗanda ke tafiya kai tsaye hannun masu damfarar.