Sankarar Mama: Abin Da Ya Sa Magani Ɗaya Ba Ya Yi Wa Kowace Mace Aiki

A shekarar 1895 wani likita a birnin Gilasgo na ƙasar Sukotlan, mai suna George Beatson, ya cire wa wata mace mai sankarar mama ma'ajiyar ƙwanta, sai ga ƙullutun da ke nononta ya motse. An gwada wannan dabara a kan mata da yawa, amma kamar kashi ɗaya cikin uku ne kawai suka sami sauƙi, aka kuwa rasa dalili har shekara sittin.

Sai a 1958 Elwood Jensen na Jami'ar Shikago ya gano bakin zaren. Ma'ajiyar ƙwai tana fitar da wani sinadari da ake kira istirojin, a cikin wasu ƙwayoyin halitta kuma akwai wani furotin da yake karɓarsa, tamkar kwaɗo da makullinsa. In suka haɗu, ƙwayar sai ta yi ta hayayyafa. Kimanin kashi 70 cikin 100 na sankarar mama suna ɗauke da wannan makarɓi. Maganin tamoxifen, wanda aka fara sayarwa a Ingila a 1973, aikinsa ke nan ya toshe kwaɗon. Macen da ƙullutunta ba shi da makarɓin kuwa, ko shekara goma ta yi tana sha, ba zai taɓa ciwon ba.

To, ba hayayyafa kaɗai ce matsalar ba. Kowace ƙwayar halitta tana da ajalinta, in ta lalace takan kashe kanta domin jiki ya tsira. Akwai furotin Bax mai tura ta ga mutuwa, akwai kuma Bcl-2 mai hana ta mutuwa. A 1988 ne masana a birnin Melbon na Ostireliya suka tabbatar da wannan aiki na Bcl-2, daga baya aka gane cewa istirojin yana ƙara yawansa a cikin ƙwayoyin nono.

A nan ne abin mamakin yake. Mai karatu zai zaci cewa yawan Bcl-2 mugun labari ne, amma matan da ƙullutunsu ke ɗauke da shi sun fi daɗewa a raye, domin galibi tare yake tafiya da makarɓin istirojin, irin wannan sankara kuwa ba ta cika gaggawa ba, tana kuma jin magani. Har ma maganin venetoclax, mai toshe Bcl-2, wanda aka amince da shi a Amurka a 2016 don wata sankarar jini, da aka gwada shi a kan sankarar mama a haɗe da maganin fulvestrant, bai ƙara wani amfani ba.

Abin da ya shafe mu shi ne, bincike ya nuna sankarar da ba ta da makarɓin ta fi yawa a matan Afirka ta Yamma bisa ga Turawa. Ba a gane ta da ido ko da taɓawa, sai an yanki ɗan naman an gwada a ɗakin bincike. Naman kuma in ya daɗe ba a jiƙa shi cikin ruwan fomalin ba, makarɓin yakan lalace, gwajin ya ce babu alhali akwai, a hana mace maganin da zai cece ta.