Kafin Ka Taɓa Famfo, Ka San Inda Ake Kashe Ruwan

Ka shiga gidajen haya goma a Kurna ko Ɗorayi, ka leƙa famfon tsakar gida. Da wuya ka fito ba ka ga wanda aka naɗe wa wuya da robar tayar keke ba, an ɗaure shi tamau, ga tsohon bokiti a ƙasa ana tarar abin da ke zuba. A wani gidan leda ce, a wani tsumma. Simintin wajen ya yi kore shar da gansakuka. In ka tambayi matan gidan tun yaushe, sai su ce ai tun kafin azumi ne, an gaya wa mai gidan, ya ce zai turo mai gyara.

Abin da ya lalace a cikin famfon nan, galibi, wata 'yar roba ce da faɗinta bai kai tsohon kwabo ba. Masu gyara suna ce mata washa, kuma kuɗinta bai taka kara ya karya ba. Ruwan da take zubarwa ne abin dubawa. A kwana ɗaya akwai daƙiƙa 86,400. Hukumar nazarin ƙasa ta Amurka tana lissafa cewa ɗigon famfo wajen 4,000 ne ke cika lita guda. Ke nan famfon da ke ɗiga sau ɗaya kowace daƙiƙa yana zubar da fiye da lita 21 kafin gobe war haka, ya kusa cika jarkar nan mai lita 25 da 'yan ga-ruwa ke turowa a kura. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar lita 20 a matsayin ɗan abin da mutum guda zai yi maneji da shi a yini, na sha da girki da 'yar tsafta. Rabon mutum guda cur ke bin kwata kullum. Ɗigo dai ya bambanta, wani famfon nasa manya ne, wani ƙanana. Wanda ke son sanin na gidansa ya tara robar ruwa mai rabin lita, ya duba agogo, ya ga minti nawa za ta yi kafin ta cika.

A garin da ruwan hukuma ke zuwa dare da rana, wannan asara ce ta takardar biyan kuɗi kawai. A wurinmu lamarin ya fi haka. Matatun Challawa da Tamburawa suna aiki, ga madatsar Tiga da aka kammala tun 1974, amma unguwanni da yawa a Kano sun manta rabon da su ga ruwan gwamnati. Ruwan da ke cikin bututun yawancin gidaje daga rijiyar burtsatse ya fito, injin turo ruwa da ake kira sumo ne ya turo shi tanki, shi kuma sumo ya sha wutar da aka daɗe ana jira ko man da aka sayo da tsada. Ɗigon da ke sauka a bokitin nan fetur ne aka ƙona.

Famfon da muka fi sabawa da shi, mai kan da ake murɗawa sau uku ko huɗu, tsohuwar dabara ce. Wani kamfanin maƙera tagulla a garin Rotherham na Ingila, Guest and Chrimes, shi ya yi rajistar irinsa a 1845, kuma har yau cikinsa bai canja sosai ba. In ka murɗa kan, wani sandan ƙarfe mai zare yana sauka ƙasa. A ƙarshen sandan robar take. Ita ke zama daram a kan bakin ramin da ruwa ke fitowa, ta toshe shi, kamar yadda ake danne bakin tulu da tafin hannu. Wannan bakin ramin shi ne mazaunin robar. Muddin robar tana da laushi, mazaunin kuma sumul yake, ko ɗigo ba zai wuce ba.

Roba kuwa tana tsufa. Zafi yana busar da ita, musamman famfon waje da rana ke duka tun hantsi. Ta taurare, ta tsage, ko mazaunin ya yi mata zobe. Ruwan burtsatse yana zuwa da ɗan yashi, ƙwaya guda in ta maƙale tsakanin roba da ƙarfe ta isa ta buɗe wa ruwa hanya. A nan ne muke yin kuskuren da kusan kowa ke yi: famfo ya fara ɗiga, sai a ƙara murɗe shi da ƙarfi. Yau hannu ɗaya, gobe hannu biyu, jibi a ɗauko filaya. Kowace murɗa tana ƙara niƙe robar, in ta cinye sai ƙarfe ya hau kan ƙarfe, mazaunin ya ƙwarzane, zaren sandan ya lashe. Ruwan da ke tsiyaya ta 'yar kafa shi ma yana cin tagullar a hankali har ya yi mata rami. Gyaran da roba guda za ta gama sai ya koma sayen sabon famfo.

Duk wannan bayani na san shi ranar da na ɗauki sifana zan gyara famfon banɗakinmu. Abin da ban yi tunani ba shi ne ruwan da ke bayansa. Tankin yana kan ƙarfe a bayan ɗaki, bai fi mita 5 ba, na ce a raina wannan ɗan ruwan ai da yatsa ma sai in tare shi. Ina kwance kan famfon, ruwa ya yo tsiri ya daki silin, sandan da robar suka yi nasu wuri. Na danna tafin hannu ina ƙwala wa uwargida kira ta kashe ruwa. Ta leƙo ta ce, "Malam, a ina ake kashewa?" Shekara 4 muna gidan, ni ma ban sani ba. Kafin wani maƙwabci ya hau ya gano bawul ɗin a gindin tankin, ruwa ya shiga ɗakin yara ya jiƙa katifa.

Washegari mai gyara ya zo, ya dube ni ya dubi bangon, ya ce, "Alhaji, ai mu ba famfo muke fara nema ba. Get muke fara nema."

Tsayin tanki shi ke ba ruwa ƙarfi. Kowace mita 10 ta tsayi tana ba da matsin da injiniyoyi ke kira "bar" ɗaya, kusan kilo guda a kan kowane santimita murabba'i. Tankina rabin haka yake bayarwa, kuma girman tankin ba ya ƙara matsin, tsayinsa ne kawai. Sai dai tanki mai lita 2,000 ba ya gajiya da wuri. Tafin hannunka ne zai gaji.

To ina ake kashewa? Ya danganta da inda ruwan gidan yake fitowa. In na hukuma ne, bawul ɗin yana inda bututu ya shigo daga titi, kusa da ƙofar gida ko jikin katanga, wani lokaci a cikin ɗan rami mai murfi. A gidaje da dama an yi daɓen siminti an binne shi, ko ƙasa ta rufe shi tun zamanin mai gidan na farko. In tanki ne, duba bututun da ya fito daga gindinsa, ba wanda ke kai ruwa sama ba. A ginin zamani kuma akan sa ƙaramin bawul a ƙarƙashin kowane wurin wanke hannu da bayan tukunyar masai, don a kashe wuri guda ba tare da an hana sauran gida ruwa ba. Mai ginin da ya tsallake waɗannan don ragin kuɗi bai kyauta wa masu zama ba.

Bawul iri biyu ne a gidajenmu. Akwai mai hannu dogo: in hannun ya bi tsawon bututu a buɗe yake, in ya gitta shi a rufe yake, kwata ɗin juyi kawai. Akwai mai kan taya, sau da yawa ja, wanda ake ce wa get. Shi ana juya shi ta dama, yadda hannun agogo ke tafiya, har ya tsaya. Get yana da hali. In ya shekara ba a taɓa shi ba sai ya ƙame, ranar da ake neman sa da gaggawa ya ƙi motsi, in aka matsa masa da sifana sandansa ya karye a ciki, kan ya riƙa juyawa a banza. Maganinsa a riƙa rufe shi ana buɗewa sau biyu ko uku a shekara, kuma in an buɗe shi har ƙarshe a ɗan mayar da shi baya kaɗan. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ni yanzu duk wanda ya kai shekara 10 a gidana na kai shi gindin tanki ya murɗa da hannunsa, domin ranar da bututu zai fashe, ta fi yiwuwa maigida yana kasuwa.

Abu biyu kafin a ci gaba. In akwai hita ta ruwan zafi, a kashe wutarta tukuna, don in ruwa ya tsiyaye daga cikinta tana kunne za ta ƙone. Sumo ma a kashe makunninsa, kada a kawo wuta ana tsakiyar aiki.

Bayan an rufe bawul, a buɗe famfon a bar ruwan da ya rage a bututu ya tsiyaye. In ya ƙi tsayawa, bawul ɗin bai kama ba, kada a kwance komai. In ya tsaya, a toshe ramin kwatami da tsumma, don ƙaramin noti ba shi da wurin da ya fi so kamar wannan ramin. A cire kan famfon, yawanci sukuru guda ne ke riƙe da shi a ƙarƙashin 'yar hular da ke sama. Daga nan babban noti zai bayyana. A kama shi da sifana a juya ta hagu, ɗaya hannun kuma ya riƙe jikin famfon gam. Wannan riƙon shi ne rabin aikin: in famfon ya juya tare da sifana, bututun roba da ke cikin bango zai iya tsagewa, daga nan sai fasa tayil. Sandan zai fito da robarsa a ƙasa. A tafi da ita shagon kayan famfo a sayo irinta daidai. Yawancin famfunan gida rabin inci ne, amma ido yana ruɗi, gara a je da tsohuwar. Kafin a mayar, a zura yatsa a shafa mazaunin, a share yashi da tsatsa. In an ji kaushi ko tsagi, sabuwar roba ba za ta daɗe ba.

Wani famfon ba ta baki yake ɗiga ba, ta wuya yake tsatsafowa in an buɗe shi. Wannan ba laifin washa ba ne. Akwai ƙaramin noti da sandan ya ratsa ta cikinsa, a ɗan ƙara ɗaure shi kaɗan, in bai daina ba a canja zoben robar da ke ƙarƙashinsa.

Famfunan yayi masu kwata ɗin juyi ba su da washa irin wannan. A cikinsu wasu faifai biyu ne na tangaran masu santsi, ɗaya yana zamewa a kan ɗaya, ko kuma ƙwallon ƙarfe mai huda. Suna daɗewa in ruwa mai tsabta ne, amma yashin burtsatse yana karce su, kuma in sun karce ba a gyarawa, sai dai a canja cikin gaba ɗaya. Kasuwa kuma ta cika da masu ƙyalli kamar azurfa, marasa nauyi, waɗanda ƙarfensu ke rugurgujewa a bakin sifana. In za ka saya, ɗauki biyu ka auna a hannu. Tagulla tana da nauyi.

In sabon famfo za a ɗaura, sai an naɗa farin tef ɗin nan a kan zaren. Sinadarin da ake yin sa da shi wani masani Ba'amurke, Roy Plunkett, ya gano shi bisa tsautsayi a 1938, shi ne kuma ake shafa wa kaskon suya don kada abinci ya kama. Ka fuskanci bakin zaren, ka naɗa ta dama, don in ka naɗa ta hagu zai warware yayin da kake ɗaurawa. Zare kaɗai ake naɗa wa. Na sha ganin an cusa shi cikin famfo a madadin roba, kwana biyu ɗigo ya dawo.

Akwai kuma wata asarar da ta fi ɗigo, wadda rashin tabbas na ruwan hukuma ya haifar. Yaro ya murɗa famfo, ba ruwa, ya tafi ya bar shi a buɗe. Ƙarfe 3 na dare aka sako ruwa, kafin asuba tsakar gida ta zama tafki, gindin katangar ƙasa ya jiƙe. Ɗaukewar ruwan ma tana da nata haɗarin. Bututun da ruwa ke fita ta kafarsa lokacin da yake cike, in ya zama wayam zai iya zuƙo abin da ke kewaye da shi ta wannan kafar. Dubi yawan bututun da suka ratsa ta cikin kwata a lungunanmu, an ɗaɗɗaure mahaɗarsu da robar taya. Abin da suka zuƙa shi ne zai fara fitowa in ruwa ya dawo, kuma ta irin wannan hanya ce ƙwayoyin amai da gudawa da taifot ke shiga randa. Famfon da ke ɗiga a tsakar gida aƙalla ana ganin sa.

Idan an gama ɗaurawa, a bar famfon a buɗe, a saki bawul a hankali, iska ta fita da tarinta da atishawarta, sannan a rufe da yatsu biyu. Sabuwar roba ba ta bukatar fiye da haka. Daren ranar, bayan kowa ya yi alwalar isha, a rufe duk famfunan gidan, a duba inda ruwa ya tsaya a tanki a yi masa alama. Na yi haka bayan na gyara nawa, ina ta jin daɗi banɗaki ya yi shiru. Da safe na tarar ruwan ya sauka da kusan taƙi guda. Ashe tukunyar masan baƙi ce ke tsiyaya ta ciki, ba ƙara ba alama, wa ya san tun yaushe.