Me Ya Sa Allo Biyu Ke Nuna Hoto Ɗaya Da Launi Daban?

Idan kana gyaran hotunan biki a Kebbe da allon kwamfuta biyu, wataƙila ka ga atamfar amarya ja a ɗaya, ruwan goro a ɗayan. Da wanne za ka yarda kafin a wanke hoton?

Ido ba zai raba gardamar ba, domin yana sabawa da kowane haske. Sai na'urar auna launi, irin su Spyder. Ka bar allunan a kunne minti 30, ka saita farinsu a kelbin 6500, ƙarfin haskensu ya zo ɗaya. Na'urar za ta auna kowanne, ta rubuta masa nasa fayil na ICC. Kada su yi tarayya a fayil ɗaya ko da samfurinsu ɗaya ne, don fitilar kowanne tsufanta daban. Ka maimaita awon duk wata.