Idan baƙuwar kwamfuta ta ƙi cika allo: abin da ya kamata ku sani

Ɗalibi ya dawo hutu Filinge daga Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai. Kwamfuta ɗaya gare shi, Windows ke kanta, ga shi kuma ana so ya koyi Linux. Sai ya saka manhajar VirtualBox, wadda ke gina kwamfuta a cikin kwamfuta, ya ɗora Ubuntu a ciki. Yana kunnawa, sai ga hoton ya maƙale a ɗan akwati tsakiyar allo, baƙi ya kewaye shi, wani maɓallin ma ya nutse ƙasa ba a ganinsa. Wasu kan zaci injin ne ya samu matsala, har su fara lissafin kuɗin motar tafiyar kusan kilomita 180 zuwa wajen mai gyara a Yamai. Alhali babu abin da ya lalace.

Me ke jawo haka?

Masu wannan sana'a suna kiran kwamfutarku ta ainihi mai masauki, wadda aka gina a cikinta kuma baƙuwa. Duk wanda ya san kasuwar Lahadi ta Filinge ya san halin baƙon da ya kawo dabbobi bai san kowa ba: sai ya raɓe gefe har ya samu dillali. Haka baƙuwar kwamfuta take. Ba ta ganin allonku na gaskiya, allon aro manhajar ke nuna mata. Tunda ba ta san girmansa ba, sai ta zaɓi ƙaramin awo da ta tabbata zai yi aiki, sau da yawa ɗigo 800 a faɗi da 600 a tsaye, ko 1024 da 768, alhali allon kwamfutocin tafi-da-gidanka da yawa 1366 da 768 ne, sababbi kuma 1920 da 1080.

Wane ne dillalin?

A VirtualBox, wadda kamfanin Innotek na Jamus ya fitar a 2007, ta koma hannun Oracle a 2010, dillalin shi ne kunshin Guest Additions. A cikin baƙuwar ake saka shi. Bayan ta kunnu, ku duba jerin da ke saman tagar. Idan kwamfutarku da Faransanci take, ku shiga Périphériques ku zaɓi saka faifan Additions invité. Da Ingilishi kuwa Devices ne. Faifan zai bayyana kamar an zura CD.

Idan baƙuwar Windows ce, ku buɗe VBoxWindowsAdditions.exe, ku bi umarni, ku sake kunna ta. Wannan bai buƙatar intanet, domin faifan yana zuwa tare da VirtualBox ɗin da aka saka a Windows. Idan Ubuntu ce ko Debian, sai an fara sauko da gcc da make da perl, da kuma linux-headers da ya dace da cibiyar tsarin, sannan a tayar da VBoxLinuxAdditions.run da izinin mai kula da tsarin, wato sudo. A nan ne kawai za ku ɗan kashe data, don haka ku yi shi a lokacin da layi ke da ƙarfi.

Mai amfani da VMware maimakon VirtualBox, nasa dillalin VMware Tools ne, ko open-vm-tools-desktop a Linux. Mai QEMU kuma spice-vdagent.

An saka, amma bai gyaru ba?

Ku kashe baƙuwar gaba ɗaya, ku shiga saitin allonta a VirtualBox, wato Affichage. Abu biyu za ku duba. Na farko nau'in katin hoto: VMSVGA ne na Linux, VBoxSVGA na Windows 7 zuwa sama. Na biyu rumbun ajiyar hoto. Kowane ɗigo yana cin bayit 4, don haka hoto ɗaya na 1920 da 1080 ya haura megabayit 8 kaɗan. Idan an ware masa ƙasa da haka, babban awo ba zai fito ba. Ku ɗaga shi zuwa 64 ko 128.

Sannan ku kula da maɓallin Ctrl na dama. Shi da F yana cika allo. Shi da C kuwa jan hoton kawai yake yi kamar roba, rubutu ya yi dishi-dishi, ido ya sha wahala. Idan kun ga haka, ku sake danna su ku fita.

Me ya sa matsalar takan dawo?

Idan kun sabunta VirtualBox ko cibiyar Linux, tsohon kunshin yakan daina jituwa da sabon. Ku sake saka shi, lambarsa ta yi daidai da ta manhajar. Kafin ku taɓa komai kuma, ku ɗauki hoton halin da baƙuwar ke ciki, abin da ake kira instantané, ko da wuta za ta ɗauke ana tsakiyar aiki.

Matashin Filinge da kwamfuta ɗaya tak yana iya koyon tsari biyu ko uku a kanta, kuma bai kamata ɗan akwatin nan ya sa ya karaya tun ranar farko ba. Ku haɗa baƙuwar da dillalinta kafin ku nemi mota. Da ɗan gari akan ci gari.