Agadas ko Damagaram: ina matashi mai ƙaramin guzuri zai nufa?

Mu 'yan Adar tafiya gadonmu ce, amma ta ci-rani. Samarin Bambeye da yawa sun kwana a tashar Agadas kan hanyarsu ta Libiya, ba su ko ɗaga kai sun dubi hasumiyar babban masallaci ba. Wannan yana damuna, domin Turawa masu rataya jaka a baya sun sha keto duniya saboda ita.

Hasumiyar ta laka ce, tsawonta mita 27. An gina ta wajen 1515, aka sake ginin a 1844, kuma a 2013 UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya. Daga Tawa kilomita wajen 400 ne ta Abalak, hanyar kuwa tana gajiyar da jiki. Da ka isa, ƙafarka ta wadatar: fadar sarkin Abzin, lungunan jar ƙasa, maƙeran azurfa, cuku da shayin Buzaye. Ga kuma zumunta. Daga gidan sarautar nan Agabba ya fito ya ci Adar a 1674, zuriyarsa ta riƙe sarauta a Illela. Ba'adare a Agadas ba baƙo ba ne sosai.

Damagaram ta fi nisa, sai ka bi Ƙonni, Madawa, Maraɗi da Tasawa, amma motoci ba sa yankewa, kuma aljihu ya fi hutawa. Unguwar Birni da Zango cike suke da gidaje masu zanen bango, duwatsu sun tsaya a tsakiyar gari. Nan Sarki Tanimun ya yi mulki, nan aka kashe Bafaranshe kyaftin Cazemajou a 1898, nan ne babban birnin Nijar har 1926. Wanda ya dace da hawan salla a ƙofar fada ya more.

Baƙon waje dai yanzu tsaro ya ɗaure masa ƙafa, musamman a arewa, inda aka sace Turawa a 2025. Ɗan ƙasa ma ya tambayi labarin hanya kafin ya tashi, ya riƙe katin shaidarsa.

Mai son sauƙi ya tafi Damagaram, ba zai yi nadama ba. Amma ku ƙannena na Adar, Agadas nake so ku fara gani, lokacin sanyi, da niyyar ziyara.