Riga ɗaya, fita biyar: maganin masu cewa “kin maimaita”

Kin ɗora hotonki a status, kin yi kyau abinki, sai wata ta turo miki: “Ba wannan kika sa a bikin wance ba?” Har da ɗan hoton dariya a ƙarshe. Ki faɗi gaskiya, sau nawa irin wannan maganar ta sa kika goge hoto, ko ma kika fasa zuwa biki ɗungurungum?

Abin ya fi ƙarfin wasa. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, darajar naira kuma ta faɗi, kuɗin atamfa da leshi da na tela suka yi sama. In a Batsari ko Safana kike, ba sai an ba ki labari ba. Gidaje da yawa gonakinsu na wajen dajin Rugu, shekaru an yi ana noma cikin ɗari-ɗari, wasu ma sun baro ƙauyukansu sun dawo cikin gari wajen dangi. Uban da ke lissafin kwanon masara ba shi za a tsare da kukan anko duk wata ba. Amma wayar da ke hannunki ba ruwanta da wannan, TikTok ɗin da 'yar Abuja ke kallo shi kike kallo. Daga nan ake faɗawa bashin dillaliya, ko aron kayan da ke ƙarewa da gori, ko karɓar kyautar saurayin da kin san ba don Allah ya bayar ba.

To bari mu leƙa Japan. A unguwar Harajuku ta birnin Tokyo akwai 'yan mata masu wani salon ado da ake kira Lolita: riguna masu buɗaɗɗen ƙasa da tattara da leshi a baki-baki, waɗanda aka kwaikwayo daga tufafin matan Ingila da Faransa na ɗaruruwan shekarun baya. Kamfanoni irin su Angelic Pretty da Baby, the Stars Shine Bright, wanda aka kafa a 1988, su ke ɗinka su, kuma da tsadar gaske. Saboda tsadar, yarinya kan daɗe tana tari kafin ta mallaki guda ɗaya. In ta samu, sai ta riƙa sauya rigar ciki da abin kai da safa da takalmi da jaka, ta fito da shiga kala-kala. A wajensu wadda ta juya riga ɗaya ta fita sau biyar ita ce gwana, har ɗora hotunan take a jere don a yaba. Rigarsu ba irin tamu ba ce, ba kuma cewa ake ki ɗinka ta ba. Dabarar kawai za mu ɗauko.

Daga wajen tela ake farawa

Turmin atamfa yadi shida ne. Doguwar riga mai sauƙi ba ta cinye shi duka, don haka ki gaya wa tela tun farko ya fitar miki da ɗankwali, ragowar kuma ya dawo miki da ita, kar ta ɓace a shago. Ki zaɓi zane mai launi biyu ko uku da suka fito sosai, domin kowane launi mayafinsa daban. Ki guji ɗinkin da aka cika wa duwatsu da yayin bana, don baɗi shi zai fara tona miki asiri. Ki ce ya bar rara ta ciki a gefe da gefe, ko da jiki ya ƙaru. Da ragowar yadin a yi miki ɗamara, da wuyan riga mai maɓalli wanda ake ɗorawa a cire.

Fita ta ɗaya: makaranta. Ko Islamiyya ce ko lacca a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, ki ɗora hijabi marar zane wanda ya ɗauko launin da ya fi duhu a atamfar, da takalmi mai faɗi. Ƙasan rigar kaɗai ake gani, ba wanda zai riƙe ta.

Fita ta biyu: gidan biki. Nan ne ɗankwalin atamfar zai yi aiki. Ki kafa ɗaurin ture-ka-ga-tsiya, ki ɗaura ɗamara, ki yafa gyale mai launin da ya fi haske. In kina son ƙasan ya buɗe, ki sa siket ɗin ciki na raga mai tauri, wanda shi ne sirrin rigunan 'yan Tokyo ɗin. Sarƙa da ɗan kunne da awarwaro su zo iri ɗaya.

Fita ta uku: Sallah. Ki ɗora doguwar riga mai buɗaɗɗen gaba, wadda teloli ke kira kimono, sunan da shi ma daga Japan ya zo. Baƙa ko ruwan toka marar ado ta fi, don za ta shiga da sauran kayanki. Ki naɗa mayafi maimakon ɗankwali, ki sha ƙunshi ja da baƙi. Ido kan hannu zai fara sauka.

Fita ta huɗu: ziyara ko kasuwa. Ki maƙala wuyan nan mai maɓalli, ki ɗaura ɗankwali marar zane, ki rataya ƙaramar jaka. Lokacin hunturu ki ƙara rigar sanyi mai launi ɗaya, ko ta gwanjo ce ba laifi, in dai an wanke an goge.

Fita ta biyar: dubiya ko gaisuwar rasuwa. A cire komai na ƙyalli, babban mayafi mai duhu, kwalli kaɗai. Sanin inda ake rage ado shi ma ado ne.

Ki lura, abubuwan da aka lissafa nan yawanci kina da su a akwati. Mayafi da jaka ana musaya da yaya ko ƙanwa ba tare da kowa ya gane ba.

Sai kula da rigar

Rigar da za ta yi wannan aikin tana son gata. Ki juya ta bai-bai kafin wanki, da ruwan sanyi da sabulu marar ƙarfi, kar ki bar ta kwance a ruwan omo. A inuwa ake shanya atamfa, ranar Katsina ta watan Afrilu ba ta san tsada ba. Guga ma ta ciki, musamman in dutsen gawayi ne, ki shimfiɗa ƙyalle a kai saboda tartsatsi. In kin dawo unguwa ki rataye ta ta sha iska, ba kowace sawa ce ke buƙatar wanki ba.

Samari, ku ma kar ku yi dariya. Kaftani ɗaya na shadda, yau da zanna bukar, gobe da dara, jibi da falmaran a kai, wa zai ce uffan?

Maganar anko kuma, ki iya cewa “wannan karon ba ni da hali” tun ranar da aka fitar, ba sai an yanko da sunanki ba. Ƙawar arziki za ta ce ki zo da abin da kike da shi. Hausawa sun ce wanda ya daka ta wani ya rasa turmin daka tasa, kuma turmin atamfa ma haka yake.

In mai tsokanar nan ta sake turo “kin maimaita”, ba sai kin yi faɗa ba. Ki haɗa hotunan fita biyar ɗin wuri guda ki ɗora, ki rubuta a ƙasa: “Eh, ita ce. Tawa ce, ba bashi, ba aro.”