Yadda kabewa ke ciyar da waɗanda kogi ya cinye wa gonaki a Bangladesh

A arewacin ƙasar Bangladesh, dubban iyalai da zaizayar bakin kogi ta raba da gonakinsu sun koma noman kabewa a kan yashin da ambaliya ke bari, domin samun abin da za su ci.

A kowace damina dai kogunan Brahmaputra da Teesta kan cika su batse, su tafi da gidaje da gonakin shinkafa. Idan ruwa ya janye wajen watan Oktoba, sai tsibiran yashi su bayyana, waɗanda a da ake ganin ba sa fitar da komai.

A shekarar 2005 ne ƙungiyar agaji ta Practical Action, mai hedkwata a Birtaniya, ta fara gwada shuka kabewa a kan irin waɗannan tsibirai tare da manoman gundumar Gaibandha.

Yadda ake noman

Manomi kan haƙa rami mai zurfin kimanin mita 1 a cikin yashin, ya zuba takin gargajiya da kashin shanu, sannan ya shuka ƙwayoyin iri kaɗan. Takin ne ke riƙe danshi, shi ne kuma abincin shukar, tun da yashin ba shi da albarka.

A makonnin farko sai an yi ta ɗebo ruwa ana ban-ruwa. Daga nan kabewar kan yaɗu a kan yashin, a girbe ta kafin damina ta dawo ruwa ya sake shafe wurin.

Me ya sa kabewa?

Babban dalili shi ne ajiya. Idan kabewa ta ƙosa, ɓawonta kan yi tauri, ta yadda za ta yi watanni a ɗaki ba ta ruɓe ba, matuƙar an ɗora ta a kan wani abu mai tudu inda iska ke ratsawa.

Wannan na da muhimmanci a yankin da aka san shi da lokacin yunwa da ake kira monga, tsakanin Satumba da Nuwamba, lokacin da aikin ƙodago ke yankewa kafin girbin shinkafa. Iyali kan dafa kabewar, su ci ganyenta da furenta, su kuma sayar da saura su sayi shinkafa.

Haka kuma jan naman kabewa na ɗauke da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, wanda ƙarancinsa ke haddasa dundumi ga yara.

To sai dai kabewa ba ta kai hatsi ƙosarwa ba, saboda yawancinta ruwa ne. Sannan tsibiran ba mallakin manoman ba ne, kuma inda wani ya yi ramukansa bana, baɗi yana iya kasancewa a ƙarƙashin kogi.